Lambar Babana Tana Rataye a Falon Surukata

Gwaggo, don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle. Na daɗe ina karanta filinki ina tausaya wa masu kawo kukansu, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan zo in zazzage nawa buhun ba. Ki yi haƙuri idan na riƙa kai gaba ina dawowa baya. A kan bencin asibiti nake wannan rubutu, takarda a cinya, ina jiran a gama canza wa mahaifina zanen gado.

A barikin soja aka haife ni, a nan na yi wayo. Babana soja ne, amma ba irin wanda yara ke bi da kallo ba. Makanike ne a garejin rundunarsu. Tun da na buɗe ido na san shi da baƙin mai a ƙarƙashin farce, da warin dizal a kakinsa, da sifana a aljihun baya. Kunnensa na hagu ba ya ji, sai ka zagaya ta dama in kana son ya amsa. Kuma bai taɓa kwanciya rigingine ba, kullum ruf da ciki yake barci. Mun tambaya muna yara, aka ce taya ce ta fashe da shi a gareji. Mutum ne mara magana, in ya haɗa jimla biyu a jere to ranar an sha hira.

Ƙofa da ƙofa muke da amininsa, wani direban soja da kowa ke kira Dogo, mu yara muna ce masa Baba Dogo. Tare aka ɗauke su aiki, tare suka sha horo, tare aka tura su yaƙi tun kafin a haife ni. Baba Dogo shi ne mai lambar yabo ta jarumtaka, kuma babu yaron barikin da bai haddace labarin ba. Ayarin motoci aka yi wa kwanton ɓauna a bakin wata gada, aka kashe hafsan da ke jagorantarsu, motoci suka kama da wuta, kowa ya yi ta kansa. Direba guda ne ya yi baya da motarsa cikin ruwan harsashi, ya kwashi waɗanda suka ji rauni, ya fito da su a kan fasassun tayoyi. Duk shekara ranar tunawa da tsoffin sojoji sai an kira sunansa ya fito gaban fareti. In an miƙa masa makirfo sai ya ce aikin Allah ne, ya koma ya zauna, mu kuwa muna ta yaba tawali'unsa. Da an tashi fareti sai ya biyo ta ƙofarmu, ya ciro lambar daga ƙirjinsa ya miƙa wa Babana, wai ya goge masa ita tunda shi ke da man goge ƙarfe. Takan yi kwanaki a ɗakinmu kafin ya aiko a karɓa.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Matar Baba Dogo, wadda nake kira Inna, ita ta riƙa yi mini kitso, ita ta koya mini girki, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda. Da na girma na auri ɗansu na fari, Inna ta zama surukata, ban ma canza mata suna ba. Maigidana soja ne shi ma, kuma in ka tambaye shi abin da ya kai shi aikin zai ce maka lambar ubansa. Yanzu haka tana cikin gilashi a bangon falon Inna, sama da talabijin, kusa da hoton marigayin. 'Ya'yana suna sara mata in sun shiga, wasa-wasa har abin ya zame musu jiki.

Baba Dogo ya rasu shekarun baya. Ba a jima ba Babana ya fara rikicewa. Da farko mantuwa ce ta tsufa, ya nemi takalmi yana ƙafarsa, ya kira ni da sunan mahaifiyata. Daga baya mutumin da ba ya magana ya koma ba ya shiru, kuma maganar ɗaya ce, labarin gadar nan. Sai dai ba ya cewa Dogo ya yi, cewa yake shi ya yi. Shi ya saka wa motar giyar baya, shi sitiyari ya ƙona wa hannu, shi ya ciccibo wani ƙaramin soja da ke riƙe da hanjinsa yana kiran uwarsa.

Akwai rumfar da tsoffin sojoji ke taruwa da hantsi a bayan ofishin ƙungiyarsu, suna karta suna kushe sojojin yanzu. Nakan kai shi can ya sha iska. Ranar farko da ya ba su labarin dariya suka yi. Da ya maimaita sai fuskoki suka canza. Wani tsohon kofur, wanda in ban manta ba a kicin ya ƙare nasa yaƙin, ya ce Babana bai ma bari ƙasar kabarin amininsa ta bushe ba ya fara wawason kayansa. Suka laƙaba masa Jarumin Gareji. Sunan ya bi shi har unguwa, masu shago suna sara masa da shi in mun wuce, shi kuwa sai ya tsaya ya mayar musu da gaisuwar da gaskiyarsa.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a taron tunawa na bara. Ana karanto sunayen waɗanda suka rasu, aka zo kan sunan Baba Dogo. Sai Babana ya miƙe cikin jama'a, ya ƙame, ya ɗaga murya ya ce, "Ga ni." Wasu sojoji suka zo suka kama shi ta hammata suka fitar da shi kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa, hularsa ta faɗi wani ya taka. Shugaban ƙungiya ya ja ni gefe ya ce, cikin ladabi dai, kada in sake kawo shi. Inna tana layin gaba, duk abin a idonta ya faru. Tun daga ranar ba ta ƙara taka taron sojoji ba. Na san ranta ne ya ɓaci, ba ta dai faɗa mini ba saboda kara.

Muna hanyar komawa a mota na ce masa ya bari haka nan, wannan labarin na Baba Dogo ne. Ya kalle ni ya ce, "Har ke?"

Bayan wasu watanni tari ya kwantar da shi, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna mini wasu fararen ɗige-ɗige warwatse a bayansa, daga kafaɗa har ƙugu. Ya tambaye ni a wane yaƙi mahaifina ya ji rauni. Na ce an tura su yaƙi amma shi bai taɓa shiga fagen daga ba, makanike ne, taya ce ta fashe da shi. Likitan ya ce ya yi aiki a asibitin soja, ya san ɓaraguzan bam in ya gan su, taya ba ta barin irin wannan ƙarfen a jikin mutum. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne Baba Dogo a bakin famfo, ba riga, yana wanke mota, bayansa sumul kamar faranti.

Na shiga cigiya har na samu sajen da ke kula da direbobi a lokacin. Yana nan da rai a wani gari, a gidan 'yarsa, ido ya tafi amma kai garau. Da na faɗa masa 'yar wane ce ni, sai ya sa aka fitar da jikokinsa daga ɗakin. Ya ce a zamaninsu direbobi da makanikai suna da wata ɗabi'a a tsakaninsu. Tunda duk makanike ya iya tuƙi, in uzuri ya taso wa direba sai makanike ya shiga layi a madadinsa, a kira sunan direban ya amsa, ya ja hular kwano ya rufe goshi ya hau mota. Hafsoshi ana yawan canza su, ba su san fuska ba, suna kawai suke kira. Saje ya sani yakan kau da kai. An yi haka ba adadi, ba abin da ya taɓa faruwa.

Safiyar ranar saƙo ya iso sansaninsu, wanda ba shi da nisa da bariki, cewa matar Dogo tana kan gwiwa a asibiti, haihuwar fari, kuma ta zo da gardama. Dogo ya nemi izini aka hana shi. Babana ya ce masa ya tafi, aikin kai kaya ne kawai, kafin yamma sun dawo, zai amsa masa. Ya kuma amsa. Sauran kin riga kin ji. Mai rubuta rahoto ya duba sunan direban da aka kira da safe ya rubuta. Waɗanda aka ceto ba sa cikin hayyacinsu balle su shaida fuska, kuma kafin kowa ya farga labari ya kai sama, manya suna ta yabon Dogo. In suka buɗe baki Dogo zai gurfana a kotun soja da laifin barin aiki ana tsakiyar yaƙi, ba sai na faɗa miki hukuncin wannan ba. Babana da Saje ma ba za su tsira ba. Sai direbobi suka haɗa baki, wani ma'aikacin jinya ya ɗinke Babana a bayan gareji, aka rubuta taya. Jaririn da aka haifa ranar shi ne mijina.

Da zan tafi Saje ya ce mini, "'Yata, na gaji da ɗaukar kayan nan. Ki kawo duk wanda za ki kawo, zan rantse."

Na je ofishin da ke ajiye bayanan tsoffin sojoji. Dogon baranda, benci, fanka tana juyi ba iska, fayil-fayil ɗaure da igiya har rufi. Na yi sawu har masu gadi sun san ni kafin na samu ganin wata kyaftin mace, wadda ta saurare ni har ƙarshe, Allah ya saka mata. Ta ciro fayil ɗin Babana, siriri kamar ba na wanda ya ba aikin ƙuruciyarsa duka ba. Ta ce akwai kwamitin da ke gyara irin wannan kuskure, har a ƙara wa mutum lambar da ya cancanta komai daɗewa. Amma sai an kawo shaidu biyu da suka ga abin da idonsu, su yi rantsuwa. Sannan ta faɗa mini wadda ta fi ɗaci. Lambar ta direba ɗaya ce a mota ɗaya. In ta shiga fayil ɗin Babana to ta fita daga na Baba Dogo, kuma dole a rubuta dalili a nasa.

Shaida ɗaya gare ni. Na bi mutanen da Saje ya ambata mini ɗaya bayan ɗaya, duk inda na je sai a nuna mini hanyar maƙabarta. Shi kansa Sajen, in kin ji yadda yake numfashi ba za ki ce zai ga baɗi ba.

Maigidana yana bakin aiki a nesa. Na ɗan taɓo maganar a waya, ban ma kai ga hoton ƙirji ba ya katse ni, ya ce Baba ba shi da lafiya, mu rufa masa asiri mu bar jama'a su manta. Cikin tausayi ya faɗa, wannan ne ma ya fi ƙona ni. Ta ina zan fara ce wa mutum abin da ya gina rayuwarsa a kai na ubana ne, kuma ranar da ake cewa nasa uban ya yi jarumtaka, barin aiki ya yi saboda shi?

Inna kuwa baiwar Allah ba ta san komai ba. Duk mako sai ta zo asibitin nan da abinci a kula, ga ciwon gwiwa, ga hawan bene. Ta zauna a wajen ƙafafunsa. In ya ɗauko labarin gada kowa sai ya san dabarar fita, har ma'aikatan jinya, ita kaɗai ke zama kai a sunkuye har ya dire. In ya gama sai ta ce, "Haka aka yi, Malam." Lallaɓa mara lafiya take, na sani, amma duk lokacin da na ji sai in ji kamar in nutse. Matar da ta raine ni ce zan je in cire mata abin da mijinta ya bari daga bango, in sa a rubuta masa gudun aiki yana kabari?

Wani lokacin haushin kowa nake ji. Haushin tsoffin rumfa, da wasunsu ƙarar bindiga sai a fareti suka ji ta. Haushin Baba Dogo, Allah ya jiƙansa, da ya iya tsayawa shekara da shekaru ana tafa masa. Har Babana nake jin haushi, da ya yi shiru lokacin da maganarsa ke da daraja, sai da ta zama ta mai ruɗewa ya fito da ita. Likitoci sun ce huhunsa ya gaji, mu dai yi ta addu'a, kin san abin da hakan ke nufi. Jiya ya farka ya kama hannuna, ya ɗauka ni wata ce daga ofis, ya ce, "Ranki ya daɗe, an gyara?" Ban ma san ya fahimci inda nake zuwa ba.

Gwaggo, in shigar da maganar da shaida ɗaya in ga abin da Allah zai yi, ko da gidana zai watse? Ko in yi shiru kamar yadda suka yi, in bar ubana ya tafi da sunan maƙaryaci, a ce an binne Jarumin Gareji? Abinci ba ya shiga, ba na iya haɗa ido da Inna. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki cikin damuwa,
'Yar Makanike

'Yata,

Sannu da wannan kaya. Na karanta wasiƙarki na sake karantawa, kuma ina so ke ma ki sake duba ta, don rabin amsar da kike nema ke kika rubuto ta da hannunki. Amma bari mu fara da mazan biyu, tunda gaskiya kika nema.

Surukinki ba ɓarawo ba ne. Matashi ne da aka ce masa matarsa tana tsakanin rai da mutuwa, ya yi abin da kowa a wurin yake yi, sai tsautsayi ya gitta. Daga nan ƙofa ta rufe a bayansa. Mai jin daɗin yabon da ba nasa ba ba ya gudun makirfo, kuma ba ya cire lamba ya kai ɗakin wani ta yi kwanaki. Man goge ƙarfe ai ana sayar da shi a kowane shago. Duk shekara mayar wa mai abu abinsa yake yi, ta hanyar da ya iya. Bai wadatar ba, na yarda, amma ki rage haushinsa, don in kika shiga maganar nan da haushi za ki ɓata ta.

Mahaifinki kuma da hankalinsa ya zaɓi shiru, ya riƙe shi tsawon rayuwa, kuma za a samu mai ce miki ki girmama wannan zaɓin. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai abin da ya yarda ya ɗauka shi ne a manta da shi. Bai taɓa yarda a ja shi ta hammata a gaban jama'a ba. Wanda ya yi shirun dominsa ya riga ya tafi inda kotun soja ba ta kai sammaci. Waɗanda gaskiyar za ta taɓa yanzu za ta yi musu zafi ƙwarai, amma ba za ta kashe kowa ba, shi kuwa mahaifinki lokacinsa ne ke ƙarewa. Don haka ban ga dalilin da za ki binne maganar ba. Abin da zan hana ki shi ne ki fara ta ofis.

Yanzu koma kan abin da kika rubuta game da Inna. Kin ce ba ta san komai ba. 'Yata, wa aka tafi gani ranar? Macen da ta sha wuyar haihuwar fari, ta buɗe ido ta ga mijinta tsaye a kanta cikin kaki, ba ta mantawa da wannan ranar har ta koma ga Allah. Bayan haka aka zaunar da ita a fili aka karanta a gabanta cewa a ranar mijinta yana bakin gada yana kwasar masu rauni. Kina ganin ba ta haɗa biyun ba? Shekara da shekaru tana layin gaba tana jin ana faɗin abin da ta san ba haka ba ne. Ni a ganina abin da ta ga an yi wa mahaifinki ne ya fi ƙarfin zuciyarta, shi ya hana ta komawa taro. Kuma da take cewa "Haka aka yi, Malam," shaida take bayarwa, a ɗakin da ta tabbata ba mai ɗaukar maganarta da gaske. Kin zaga garuruwa kina neman shaida ta biyu a maƙabartu, alhali duk mako tana hawo miki bene da kula a hannu.

Ina iya kuskure, ban san ta ba sai ta bakinki. Shi ya sa za ki je mata da tambaya, ki bar tuhuma a waje. Ki same ta a ɗakinta ku biyu, ba takarda, ba hoton ƙirji, ba waya a hannu. Ki zauna inda kika saba zama tana yi miki kitso, ki ce mata kin je wurin Saje, sannan ki yi shiru ki bar ta. Kada ki ambaci kwamiti ranar. Ki tuna a ganinta saboda ita aka yi duk wannan, kuma ta riƙe shi tun tana yarinya mai goyon fari, ba za ta sauke shi don kin zo da gaggawa ba. In ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan mijinta ba, kada ki matsa mata, kada kuma ki riƙe ta a zuciya. Ta raine ki, wannan bai goge ba.

Mijinki kada ya ji ta waya, kada ya ji daga ofis, kuma in da hali kada ya fara ji daga gare ki. Daga bakinki zai ji matarsa tana ƙwace wa ubansa lamba. Daga bakin uwarsa zai ji labarin ranar da aka haife shi. Ki nemi ya ɗauki hutu ya zo, ai jikin Baba ya isa dalili. Ba zan yi miki alkawarin zai karɓa da fara'a ba. Zai iya fushi, zai iya ɗauke miki wuta na wani lokaci, ki shirya wa hakan. Amma soja ne, ya san abin da ake nufi da mutum ya shiga layi ya amsa sunan abokinsa. In ya huce zai ga cewa mutum biyu ne suka tsaya masa ranar, wanda ya bar komai ya zo ya gan shi, da wanda ya shiga wuta don wancan ya samu zuwa. Wannan ba abin da zai ji kunyar gaya wa 'ya'yansa ba ne.

Wanda ba zai jira kowa ba shi ne Saje. Cikin makon nan ki samu lauya ko jami'in da ke karɓar rantsuwa ki kai shi har gida, a rubuta bayaninsa ya sa hannu, a naɗi muryarsa. Ajiye rantsuwa daban, shigar da ita daban, kina iya riƙe ta a akwati har gida ya daidaita. Ki karɓi hoton ƙirjin da bayanin likita a rubuce ki haɗa. Sannan ki koma wurin kyaftin ɗin nan mai kirki ki tambaye ta ko kwamitin yana karɓar shaidar wanda ya ga mai sunan a wani wuri daban ranar, da kuma ko iyali suna da bakin magana kan yadda za a rubuta dalili a fayil ɗin marigayi. Ni ban san dokarsu ba, daga bakinta za ki ji tabbas. Tsoffin rumfa kuwa ki ƙyale su tukuna, ranar da maganar ta fito su da kansu za su rasa inda za su sa fuska.

Ga wadda ba za ta yi miki daɗi ba. Irin waɗannan kwamitoci ba sa sauri, kuma yadda kika kwatanta jikin mahaifinki, da wuya takardar ta riske shi. Ki bi ta duk da haka, don gaskiya da don jikokinsa. Amma kada ki bari jiran hatimi ya cinye miki ɗan lokacin da ya rage. Ranar da ya ce miki "Har ke?" ba kwamiti yake tambaya ba. Ba ki yi laifi ba, abin da kowa ya sani kika faɗa. Sai dai tambayar tana nan ba a amsa ba, kuma ke kaɗai ce mai amsa ta.

Don haka kafin Inna, kafin lauya, ki ajiye jaridar nan ki shiga wurinsa. Ki zagaya ta kunnen dama. Ki ce masa kin je wurin Saje, kin ga ƙarfen da ke bayansa, kin san wanda ya sa giyar baya a bakin gada. In ya manta gobe ki sake faɗa masa. In ya ɗauko labarin, ki ja kujera kusa da Inna ki zauna har ya dire.

Allah ya sassauta masa, ya sanyaya zukatanku, ya bar miki gidanki a haɗe.

Gwaggonki